Yadda Na Koyar da Mai Sare Ƙafata

Da sunan Wanda ya shimfiɗa daji bai sa masa ƙofa ba, ya halicci jini ya ɓoye shi a cikin fata, nake buɗe bakina. Na zaune su gyara zama, na tsaye su nemi wuri, don ba na son a katse ni, kuma wanda ya san halina ya san ba wasa nake yi ba. Ni ne Tunau ɗan Nomau, falke ɗan falke. Na taka ƙasashen da ba ku taɓa jin sunansu ba, na sha ruwan da jaki ya ƙi sha, na kuma dawo gida da ƙafafuna biyu. Wannan na ƙarshen shi ne abin mamaki, shi ne kuma labarin da zan ba ku.

Mu biyu ne a wurin mahaifinmu, ni da yayana Shekarau. Kanwa muke lodawa a jakuna mu kai kudu. Wata rana, muna da tafiyar kwana uku kafin gari mafi kusa, sai ɓauna ta fito daga cikin ciyawa ta soki Shekarau a cinya, ta wuce abinta. Jini ya riƙa tsartuwa kamar an huda tulu. Na yi duk abin da na sani. Na zuba toka, jinin ya wanke ta. Na tauna ganye na liƙa, ya ture shi. Na yi masa fifita, na ba shi ruwa, na karanta duk addu'ar da ke kaina. Shi kuwa sai kallona yake yi yana cewa, “Tunau, sanyi nake ji,” alhali rana tana tsaka. Kafin la'asar ya cika, kansa a kan cinyata, na haƙa rami a gindin wata tsamiya na rufe shi.

Da na isa zango na ba da labari, wani tsohon maharbi ya saurare ni har ƙarshe, ya tofar da tuƙar goro, ya ce, “Kash! Da ka dunƙule hannu ka danne wurin, ka ɗaure saman cinyar ka murɗe da sanda, da yanzu yana nan yana cin tuwo.”

Wallahi da ba a riƙe ni ba, da na shaƙe tsohon nan. Gaskiyar da ya faɗa ce ta ƙona ni, domin akwai igiya ɗaure a ƙuguna tun safe har yayana ya mutu, sanda kuma tana yashe a gefena. Da na huce na tambaye shi inda ake koyon wannan aiki. Ya ce shi ma ji ya yi, wai can bayan Kogin Malala, a ƙasar Garje, akwai wata tsohuwa mai suna Gwamma da ta san yadda ake riƙe ran mutum a daji har a kai shi gida. Nan take na rantse ba zan ƙara zama ina kallon jinin mutum yana ƙarewa ba. Na sayar da jakunanmu, na bar ɗaya, na kama hanya.

Wata biyar na yi ina tafiya. Na ratsa Kurmin Tsantsa, inda itatuwa ke miƙo rassa su cafke duk abin da ya yi gudu. Sai a hankali ake wucewa, taku ɗaya, a tsaya, a ƙara ɗaya. Ga ni mutum mai gaggawa, kwana tara ina tafiyar hawainiya ina zagin itatuwa ƙasa-ƙasa, ga ƙasusuwan waɗanda haƙurinsu ya ƙare suna reto a saman kaina.

Daga nan na iso Kogin Malala, wanda ba a hango gaɓarsa ta biyu. 'Yan fiton wurin mugaye ne. In sun kai baƙo tsakiyar ruwa sai su tura shi ga kifaye masu girman ɗaki, su riƙe dabbarsa. Na gane haka tun a bakin ruwa, don na ga jakuna da yawa a ɗaure, ban ga mai su ko ɗaya ba. Da muka shiga jirgi na zauna a bayan ɗan fito, na zare igiyar jakina na ɗaure ƙuguna da ita, ɗaya bakin kuma na zarge shi a idon sawunsa yana can yana tuƙi. Muna kaiwa tsakiya ya juyo da murmushi ya kama kafaɗata.

Na ce, “Malam, kafin ka tura, dubi ƙafarka. Inda na je, tare za mu.”

Ya duba, murmushin ya gudu. Ya koma ya kama tuƙinsa har muka kai gaɓa.

Ƙasar Garje duwatsu ce zalla, dogaye, tsaye kamar bango. A jikinsu ƙudan zuma ke saƙa, kowane ƙuda ya kai kurciya girma, zumarsu baƙa ce wuluk, ita ce kuma abincin mutanen da dukiyarsu. Ban taɓa shiga garin da aka ƙi baƙo irin nan ba. A bakin rijiya na tarar da wata mata doguwa, daga baya na ji sunanta Tabawa. Na yi sallama na roƙi ruwa. Ta tambaye ni wurin wa na zo, na ce wurin Gwamma. Sai ta ɗaga gugan da ta cika, ta zubar da shi a ƙasa a gabana, ta juya mini baya.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji ganguna. Na bi sautin zuwa dandali, na tarar da jama'a sun yi zobe. A tsakiya wani mutum ne kwance, gatari ya sare shi a ƙwauri, jini yana malala, su kuwa suna kiɗa suna kiran sunansa, wai ya tashi. Ba wanda ya matsa kusa da shi. Na kutsa zan shiga, sai wani hannu kamar kututture ya shaƙo wuyan rigata ta baya ya maka ni da ƙasa.

Mai hannun shi ne Barmo, shugaban masu hawan dutse ɗiban zuma, mijin matar nan ta bakin rijiya. Ya taka ƙirjina ya ce, “Kai baƙon banza, a nan ba a taɓa jinin mutum. Wanda ya taɓa, ya ɗauki mai jinin a wuyansa. In ya mutu, a jefo ka daga kan dutse. In hannunsa ya mutu, a cire naka. In ƙafa ce, a cire taka, kuma shi da kansa zai sare. Ka ji ko ba ka ji ba?”

Na ce, “To haka za ku tsaya kuna kallonsa?”

Ya ce, “Muna yi masa kiɗa. In yana da sauran kwana zai tashi.”

Bai tashi ba. Ina kwance ƙarƙashin ƙafar Barmo na karya rantsuwata tun kafin in koyi komai, na kuma tsani mutumin nan har cikin ƙashina.

Gidan Gwamma yana bayan gari, tafiyar rabin yini. Na same ta tana shanya ganye, 'yar ƙaramar tsohuwa mai ido kamar na shaho, ƙafarta ta hagu babu daga gwiwa. Na durƙusa na ce, “Inna, daga nesa na zo neman ilimi.”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ka ga wannan dungun? Shekara ashirin ke nan na ɗaure wa wani saurayi ƙafa a gindin dutse. Ya rayu, ƙafar ta mutu, ya zo ya sare tawa, ni na ɗaure kaina da hannuna. Yau shi ne Sarki Dogara, in mun haɗu ba ya amsa gaisuwata. Tun ran nan ba ɗan garin nan da ya zo koyo. Har yanzu kana so?”

Na ce ina so. Ta ce, “To mu ga hannunka.” Na miƙa, ta juya shi ta yar, ta ce hannun jaki ne.

Ban san wahala ba sai a gidan matar nan. Kullum da safe takan cika salka da ruwa, ta jiƙa karan dafi a ciki ya yi ja, ta tura salkar cikin ƙafar wani tsohon wando da ta cusa wa ciyawa. Sai ta caka mata wuƙa ta ce, “Ga ruwan shanka na yau.” Abin da na tare, shi zan sha. Abin da ya zube, ƙasa ta sha. Kwana goma sha ɗaya ina yini da ƙishirwa kafin hannuna ya gane. A dunƙule, a danna da nauyin jiki duka, ba a ɗagawa don a leƙa. In ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon, a zura sanda a murɗa har ya ɗauke, kuma ba a kwancewa don tausayin kukan mai ciwo. Igiyarta saƙar rama ce mai faɗin yatsu uku, don ta ce siririya yanka nama take yi. In ba ita, a ninke rawani.

Wata safiya na jiyo ihunta daga bayan gida. Na ruga na same ta kwance a gindin kuka, na faɗa kanta ina, “Inna! Inna!” Ban ankara da amyar da ta rataye a reshe ba. Ita ta shafe jikinta da wani ganye mai korar zuma, ni kuwa ƙudan zuma biyu suka same ni a wuya, na kwana uku fuskata kamar ƙwarya. Tana shafa mini magani tana danna wurin da gangan, ta ce, “Sakarai, in ka ga mutum a ƙasa, fara duba abin da ya kayar da shi. In ba haka ba gawa biyu za a ɗauka.”

Wata rana kuma ta ɗaure awaki biyu. Ɗaya ta sa mata ƙaya a kofato, tana ta kuka gari na ji. Ɗaya kuma igiya ta shaƙe ta, tana kwance shiru. Na tafi wurin mai kuka. Sandar Gwamma ta sauka a gadon bayana. Ta ce, “Mai ihu yana da numfashi, bar shi ya yi ihunsa. Wurin mai shiru za ka.”

Haka na koyi ɗora karaya da kara da tsumma, da juya wanda ya suma ya kwanta a gefensa don kada ya shaƙe, da lulluɓe wanda jininsa ya zuba ko da rana tana dukan kai. Ranar da ta koya mini wannan na ƙarshen na tashi na koma bayan rumbu na yi kuka, don na tuna ni fifita na yi wa Shekarau. Ta san abin da ya same ni, amma ba ta rarrashe ni ba, kira na ta yi in zo in wanke tukunya. Na yi shekara guda a wurinta ban taɓa jin ta ce madalla ba.

Ran nan ta aike ni gindin babban dutse ɗebo wata saiwa. Lokacin ɗiban zuma ne, mutanen Barmo suna rataye a jikin dutse da igiyoyi, mata da makaɗa suna ƙasa. Ina tsugune ina tono sai na ji ƙara. Wani ɓangaren saƙar zuma mai girman ƙofa ya ɓalle, ya taho da mutum biyu. Kafin ƙura ta lafa, har an yi zobe daga nesa an fara kiɗa.

Ƙafafuna suka ce in ruga wurinsu. Na tsayar da su da ƙyar, don ƙudaje sun yi baƙi a kan mutanen biyu. Na fizge wuta daga hannun wata mata, na tara ɗanyen ganye ta inda iska ke tahowa na kunna. Jiran hayaƙin nan ya kore su shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a duniya. Da suka watse na shiga. Ɗaya yana birgima yana ihu, hannunsa a karye. Na wuce shi yana zagina. Ɗayan yana kwance shiru, tsinin dutse ya farke masa cinya, jini yana tsartuwa daidai yadda na gani a jikin yayana. Da na juya fuskarsa sai na ga Barmo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya. Na tuna ƙafarsa a ƙirjina, na tuna dungun Gwamma, na dubi tawa ƙafar. Zuciyata ta ce, bar shi su yi masa kiɗan da yake so. Sai leɓensa ya motsa, ya ce, “Sanyi.”

Ban san lokacin da na dunƙule hannu na danna ba. Ganguna suka ɗauke. Jinin ya ƙi tsayawa, na warware rawanina na ninke, na ɗaure saman cinyar, na zura sandar tonona na murɗa. Barmo ya farfaɗo ya yi wata ƙara, ya kai mini naushi a baki, haƙorin nan da kuke gani babu, a nan ya tafi. Ban sassauta ba, na ƙara murɗawa har jinin ya ɗauke. Na lulluɓe shi da rigata, na juya na ce, “Jama'a, ku kama mini shi mu kai shi gidan Gwamma!”

Ko mutum ɗaya bai motsa ba. Tabawa ta matso taku uku ta tsaya, hannunta a ka, tana kuka tana tsine mini. Na shimfiɗa gwado na mirgina shi a kai, na ja shi ni kaɗai, tafiyar rabin yini, jama'a suna bina a baya kamar masu rakiyar gawa. Ya isa da ransa. Amma ɗaurin ya daɗe, a kwana na uku ƙafar ta yi baƙi, Gwamma ta cire ta. Da ta gama ta wanke hannu, ta dube ni ta ce, “Ka yi daidai. Sai ka shirya.”

Wata biyu bayan nan aka kira ni gaban Sarki Dogara. Yana zaune a kan dutse, ƙafarsa ta itace a miƙe. Barmo yana gefe, ya rame, Tabawa tana tallafe da shi. Sarki ya ce, “Baƙo, ka taɓa jini, ƙafa ta mutu a hannunka. Gobe Barmo zai sare taka.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙafa ce hukuncina ko rai?”

Ya ce, “Ƙafa.”

Na ce, “To in ya sare, jinina ya ƙare na mutu, wa ya ɗauke ni a wuyansa?”

Sarki ya ce, “Ai za ka ɗaure kanka, yadda waccan tsohuwar ta yi.”

Na ce, “Ni ba zan ɗaure ba, ranka ya daɗe. Zan kwanta in harɗe hannuwana, ku yi mini kiɗa. In na mutu, ku hau da Barmo kan dutse.”

Na ɗauka na gama da su, har na fara jin daɗin kaina. Sai Barmo ya ture hannun matarsa, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci zuwa kaka. Zan koyi ɗaurin. Ni zan ɗaure shi, ni zan sare.”

Kun ji inda wayona ya kai ni. Tun daga ranar, kullum hantsi sai ga Tabawa ta goyo mijinta a baya, tun asuba suke tasowa, ta sauke shi a tsakar gidan Gwamma ta koma gindin kuka ta zauna tana hararata. Gwamma kuwa, muguwar tsohuwa, ta ce ita ta gaji, ni zan koya masa. Na ce, “Haba Inna, in koyar da mai sare ƙafata?” Ta ce, “To koya masa da ha'inci mana. Jinin wa zai zuba?”

Ba a taɓa yin malami mai tsanani irina ba. In ya ɗaura ƙasa-ƙasa in ce sake. In ya murɗa sako-sako in buge masa hannu. Na hana shi ruwa yadda aka hana ni, na sa shi zaɓen awaki, na kwanta masa a gindin amya. Shi kuma ba a taɓa yin ɗalibi mai naci irinsa ba, don ƙiyayya ce ke tura shi. Abin da na yi kwana goma sha ɗaya ina fama, a kwana huɗu ya kama. Wani lokaci yana murɗa sanda a ƙafar wandon sai ya ɗago ya dubi cinyata, ya ce, “Taka ta fi wannan kauri, sai na ƙara murɗi ɗaya.” Na ce masa in ya rage ko rabi, fatalwata ba za ta bar shi ya yi barci ba. Tsakaninmu ba sannu, ba sai gobe.

Na yi tunanin gudu, kada ku ce ban yi ba. Amma sun ƙwace jakina, sun sa masu gadi a hanyar kogi, kuma Sarki ya ce in na ɓace, ƙafar Gwamma ɗayar za a cire.

Kaka ta yi. Aka tara gari a dandali da hantsi, aka ajiye gungumen itace, aka kwantar da ni aka ɗora ƙafata ta dama a kai. Gwamma ta ba Barmo igiyarta mai faɗin yatsu uku. Ya durƙusa ya ɗaure saman cinyata, ya murɗa. Ko a wannan hali sai da na ce, “Ƙara sama kaɗan, kai jaki!” Ya ƙara. Ɗauri ne mai kyau, ban taɓa ganin irinsa ba, ƙafata ta mutu murus.

Mai ƙafa ɗaya ba ya iya ɗaga gatari a tsaye shi kaɗai, kuma duk garin ba wanda ya yarda ya matso inda jini zai fallatsa. Tabawa ce kawai ta zo ta rungume ƙugunsa ta gefe. Makaɗa suka gyara ganguna. Barmo ya ɗaga gatari har bayan kansa.

Na sha alwashin ba zan motsa ba, don kada su ce baƙo matsoraci ne. To, matsoraci ne. Ina ganin ƙarfen ya taho, na kama cinyata da hannu biyu na fizge. Gatari ya sauka a gefen gungume, ya goce, ya yi gefe. Na ji ɗumin jini a fuskata, na buɗe baki na kurma ihun da har ƙudan zuma suka tashi daga dutse. “Wayyo ƙafata! Wayyo Allah na mutu!”

Ina cikin ihu na ji ana taɓa cinyata. Na buɗe ido, na ga Barmo yana warware igiyar da sauri, ko kallon fuskata bai yi ba. Ƙafata tana nan lafiya lau. Jinin ba nawa ba ne. Tabawa ce zaune a ƙasa shiru, gatari ya sare ta ƙasa da gwiwar hannu, tana kallon jinin yana tsartuwa kamar ba nata ba. Jama'a sun ja da baya sun yi zobe, wani makaɗi har ya buga sau biyu.

Barmo ya ture gatarin gefe da farko, ya ja jiki ya wuce ni ina ihu, ya isa wurin mai shiru. A gaban Sarki, a gaban gari duka, ya dunƙule hannu ya tura cikin jinin matarsa. Ya ɗaure damtsenta, ya zura sanda ya murɗa. Ta yi ƙara ta ce, “Maigida, sassauta!” Ya ce, “Ba zan sassauta ba.” Hawaye yana zuba a gemunsa yana murɗawa, har jinin ya ɗauke. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya ɗaga kai ya daka wa makaɗin tsawa, “In ka ƙara buga gangar nan sai na fasa ta a kanka! Ku ɗauko mini Gwamma!”

Abin da ba a taɓa gani ba a Garje, maza biyu suka fita daga zobe suka ɗauko tsohuwar a kafaɗa. Ta ɗinke wurin nan take, tana yi tana mita wai hasken bai ishe ta ba. Da aka sassauta ɗaurin, yatsun Tabawa suka motsa.

Sarki Dogara ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta itace. Can ya ce, “Barmo, hukunci yana nan. Ga baƙo, ga gatari.”

Barmo bai waiwayo ba. Igiyar tana hannunsa, jiƙe sharkaf, idonsa yana kan hannun matarsa ko jinin zai dawo. Ya ce, “Ranka ya daɗe, igiyar tana da aiki.” Sannan ya dube ni, kuma ba ƙauna a idon nan ko kaɗan. Ya ce, “Kullum na farka na nemi ƙafata na rasa, sai na tsine maka. Tashi ka bar mana ƙasa.”

Na je yi wa Gwamma sallama a inda take zaune. Na durƙusa na ce, “Inna, na gode.” Ta ce, “Kama hanya tun bakinsu yana buɗe. Har yanzu hannunka na jaki ne.” Sai ta nuna Barmo da haɓa, ta ce, “Amma wancan gurgun zai iya.” A karo na farko na ga haƙoranta, ashe guda huɗu suka rage.

Na dawo ta Kogin Malala, ɗan fiton nan yana ganina ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashinsa. Na sake yin kwana tara a Kurmin Tsantsa, wannan karon ban zagi itace ko ɗaya ba. Ban nufi gida ba sai da na biya ta tsamiyar nan. Ciyawa ta rufe kabarin, na share shi da hannuna. Na auna inda kansa yake, na auna inda cinyarsa take, na durƙusa, na dunƙule hannu na danna ƙasar da nauyin jikina duka.

Na ce, “Nan ne, Yaya. Nan kawai zan danna.”

Na daɗe a haka ban ɗaga ba. Sannan na cire gwadona na lulluɓe kabarin, ko da yake rana tana tsaka.

Iyakar abin da na gani ke nan, Allah shi ne shaida. Yanzu ɗayanku ya miƙo mini rawaninsa, wani kuma ya kwanta a nan ya miƙe ƙafa. Ba wanda zai bar wurin nan sai ya iya.